Katin shagon sari a Amurka: ya dace da gidan mutum biyu?

Malamin makaranta daga Ringim:

Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a Amurka, shi da matarsa kaɗai ne a gida, kuma ya nemi shawarata a kan wani shago mai suna Costco, wanda ba ya sayar wa kowa kaya sai wanda ya yanki katinsa na dala 65 a shekara. Ya ce kayan sun fi na sauran kantuna araha, amma ba a sayar da su sai da yawa, kamar sari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutum zai biya kuɗi tun kafin ya sayi ko allura, alhali a Dawanau ko kasuwar Singa babu mai tare ka a ƙofa ya tambaye ka kati. Tallafin karatun da yake samu ba shi da yawa, don haka ina roƙon waɗanda suka san harkar su haska mini kafin in ba shi amsa.

Ɗan Kazaure mazaunin Amurka:

Wa alaikumus salam, Malam. An buɗe shagon na farko a birnin Siyatil a 1983, shekarar da kamfanin Walmart ya buɗe irinsa mai suna Sam's Club. Dabararsu ita ce su taƙaita nau'in kayan da suke ajiyewa, kimanin iri dubu huɗu, su sayo kowanne da yawan gaske, su ɗora riba 'yar kaɗan, sannan babban kaso na ribar kamfanin ya fito daga kuɗin katin. Ke nan wanda ya yanki kati bai cika zuwa ba, shi ne yake biya wa mai zuwa kullum rangwamensa.

Lissafin ba shi da wuya. Dala 65 a shekara ta ɗan haura dala biyar a wata, saboda haka idan rangwamen da zai samu kowane wata bai wuce haka ba, bai ci komai ba. Idan yana da mota, fetur ɗin da suke sayarwa a harabar yawancin shagunansu ya kan fi na sauran gidajen mai sauƙi, kuma sauƙin fetur ɗin kaɗai yana iya mayar da kuɗin katin. Amma kada ya kusanci babban katin na dala 130, wanda ake mayar wa mai shi kashi biyu cikin ɗari na abin da ya kashe, domin sai ya yi sayayyar dala 3,250 a shekara kafin ƙarin dala 65 ɗin ya dawo masa, kuma ban ga ɗalibi da matarsa suna kaiwa nan ba. A ganina ya gwada ƙaramin, tunda kamfanin yana mayar da kuɗin katin ga wanda bai gamsu ba.

Uwargida daga Gumel:

Yallaɓai ɗan Kazaure, lissafinka daidai ne a takarda, amma akwai abin da mai tsayawa a gaban murhu ce kawai ta san shi. Kaya idan suka yi yawa a ɗaki, hannu ba ya auna su da tausayi: man da zai yi wata biyu idan ana sayensa kwalba-kwalba, sai ka ga jarkarsa ta ƙare kafin lokacin, domin ana ganinsa a cike. Ban da wannan, shinkafa da sabulu da man girki suna jure ajiya, amma madara da burodi da ganyen miya da kayan marmari ba sa jiran mutum biyu su cinye su, kuma duk abin da aka zubar an biya kuɗinsa. Malam, ka tambayi matar ƙanen naka girman firjinsu da wurin ajiyar da ke ɗakinsu tukuna, domin ita ce za ta zauna da kayan, kuma ban ji an ambaci ra'ayinta ba.

Ɗan sari daga Dawakin Tofa:

Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, sai dai zan ƙara da maganar jari. Wanda ya sayi kayan wata shida a rana ɗaya ya ɗaure kuɗin da zai iya buƙata gobe don haya ko magani, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi wannan ɗaurin ya fi rangwamen nauyi. Mafita muna da ita tun kaka da kakanni, wato watanda. Su haɗu gida uku ko huɗu cikin ɗalibai 'yan uwansa, su tara kuɗin kati ɗaya, a sayo a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba.

Ɗan Kazaure mazaunin Amurka:

Alhaji, shawarar ta yi, amma da sharaɗi. Katin yana ɗauke da hoton mai shi, ba a ba da aronsa, kuma kati na biyu da ake bayarwa kyauta na wanda suke zaune gida ɗaya ne, wato matarsa. An yarda ya shiga da baƙi biyu, sai dai shi ne zai biya a wurin karɓar kuɗi, rabon kuma su yi shi a gida.

Malamin makaranta daga Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ba shi da mota, kuma shagon yana bayan gari, don haka zan ce masa kada ya yanki katin shi kaɗai, ya fara tuntuɓar maƙwabcinsa mai mota da 'ya'ya huɗu a kan maganar watandar, bayan ya ji ta bakin matarsa.