An tsinci kundin mallaka a cikin kaya: me ke ciki, me za a yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Akan kwashe kayan mamaci ko a share ɗaki, sai a ci karo da kundi cike da hatimai, da shafi mai taken mallaka ko janyo zuciya. Waɗanda aikinsu ya haɗa su da irin wannan, don Allah a faɗa mana abin da ake gani.

Ma'ajin tsofaffin takardu: Wa alaikumus salam. Ko da wane harshe aka rubuta shi, ƙashin bayansa ɗaya ne: sunan wanda ake nufi da na mahaifiyarsa, wani abu daga jikinsa kamar gashi ko farce, lokacin yin aikin, da wurin binnewa. Hatimin da ya fi yawa shi ne mai gida 9, lamba 1 zuwa 9, ta duk inda ka haɗa 15 za ka samu. Da hannu ake kwafar kundi, kuskure kuwa ba ya ƙarewa, shi ya sa mai sayarwa ba ya rasa mafita: in aiki bai ci ba, ya ce an ɓata harafi ko an karya sharaɗi.

Amma lafazin ya fi komai tona asiri. A gidan tarihi na Louvre a Faransa akwai 'yar tsanar yumɓu da aka haƙo a Masar, mace a durƙushe, hannaye ɗaure a baya, an soke ta da allura 13. Rubutun darmar da ke tare da ita roƙonsa a hana matar ci da sha da barci har sai ta zo wurin mai nemanta. Wannan ai kamu ne, ba neman aure ba.

Mai haɗa magunguna: Malam, ni shafin da ya ce "a zuba a abinci" shi ke tayar min da hankali. Hatimi bai taɓa kai kowa asibiti ba, garin magani ya kai. Zaƙami yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, jiki ya yi zafi, zuciya ta yi gudu, mutum ya shiga sambatu. Dangi su ce aljanu, alhali guba ce. Akwai kuma garin wani ƙwaro da Turawa suka daɗe suna sayarwa don tayar da sha'awa. Ƙone hanji da mafitsara yake yi, ya lalata ƙoda, miligiram 10 na sinadarinsa na iya kisa. A 1954 a Landan wani ya sa shi a alewa, mata biyu 'yan ofishinsu suka mutu. In ana zargin an ba wani, kada a sa shi amai da ƙarfi, a tafi asibiti da ragowar garin da hoton shafin.

Hajiya mai sasanci: Ko ba guba, akwai abin da ke biyo baya. Wadda ta yi mallaka ba ta sake yarda da murmushin mijinta, kullum tana lissafin na magani ne ko na zuciya. Ran da ya ɗaure fuska, sai ta ce aiki ya sake, a koma a sabunta. Nan mai aikin ke cin kasuwarsa, ga sirrinta kuma a hannunsa.

Ma'ajin tsofaffin takardu: Hajiya, har masu bin Wika, tafarkin tsafin da Gerald Gardner ya fito da shi a Ingila wajen 1954, da yawansu sun hana ambaton sunan wani a aikin soyayya, don a wurinsu ƙwace masa zaɓi cutarwa ce, kuma sun yi imani abin da ka aika yana dawo maka ninki uku.

Malamin fiƙihu: A Musulunci babu farin sihiri babu baƙi, sihiri sihiri ne. Aya ta 102 a Baƙara ta ambaci mai raba miji da mata. Hadisin Ibn Mas'ud kuma ya kira *tiwala*, wato abin da ake yi don janyo son miji, shirka. In akwai ƙulli a warware shi ana karanta Falaƙi da Nasi, sannan a ƙone kundin.

Mai haɗa magunguna: Allah gafarta Malam, a dai jinkirta ƙonawar in akwai mara lafiya a gidan, sai likita ya ga shafin tukuna.