Idan Feshin Ruwa Ya Ƙi Aiki a Mota Mai Supacaja

A wasu motoci masu supacaja, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin, akwai famfon da ke fesa ruwa cikin iskar don sanyaya ta. In feshin ya ƙi aiki, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara da duba bakin feshi. A ciro shi, a kunna famfon: ruwan ya fito kamar hazo. In ɗiga yake yi, ya toshe, shi ya sa ake son ruwan da aka tace da tururi don ba ya barin datti, wasu kan haɗa shi rabi da rabi da sinadarin metanol. In famfon ya yi shiru, a duba fis da makunnin da ke kunna famfon idan matsin iska ya ƙaru.

Abin da ya fi damuna shi ne bawul ɗin da ke tare ruwan idan ba a feshi. In ya lalace, injin zai iya riƙa zuƙo ruwa ko a silo. Ruwa kuwa ba ya matsuwa cikin silinda, don haka yana iya lanƙwasa kwanrod, wato ƙarfen da ke riƙe da fistin.