Ranar da aka miƙo muku shuɗin daimon, me kuka gani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa riƙe shuɗin daimon da hannunsu, ko suka tsaya gabansa. Makon jiya wani dillali ya kawo min zobe mai shuɗin dutse, bai kai karat ɗaya ba (ma'aunin nauyin dutse ne). Ya ɗora masa na'urar gwaji, ta yi ƙara, ya ce to ka ji, daimon ne. Kuɗin da ya yanka kuwa bai kai na farin daimon mai girmansa ba. Ni kuma na san a 2016 an sayar da wani shuɗin daimon mai suna Oppenheimer Blue, mai karat 14.62, a kan dala miliyan 57.5 a gwanjon Christie's na Jeniba. Na kasa haɗa maganganun nan biyu. Ban saya ba, amma har yau zoben na raina.

Tsohon maƙerin zinare: Wa alaikumus salam, ɗana. Na'urar ba ta yi maka ƙarya ba, sai dai abin da ta sani kaɗan ne. Yadda zafi ke ratsa dutse take aunawa, ta ce daimon ne ko ba shi ba ne. Inda launin ya samo asali kuwa, ba ruwanta. Ana ɗaukar daimon mai arha, mai ɗan rawaya ko ruwan ƙasa, a harba masa haske mai ƙarfi a cikin inji, ya koma shuɗi. Na taɓa ɗaura wa wata baiwar Allah irinsa a sarƙa. Shekaru tana ajiye da shi a matsayin jarin 'ya'yanta. Da buƙata ta taso muka aika ɗakin gwaje-gwaje, takarda ta dawo cewa daimon ne, amma launin na inji ne. Ban manta yadda ta zauna shiru tana juya takardar ba. Tun ranar ba na ɗaura dutse mai launi sai na faɗa wa mai shi abin da nake zato.

Ɗalibar ilimin duwatsu: Baba ya faɗi gaskiya. Mu a aji an ba mu ɗan ƙaramin shuɗi na asali, aka ce mu sa masa wayar lantarki. Wuta ta ratsa shi, alhali farin daimon bai ko motsa allurar ba. Sinadarin boron ne ke jawo haka, shi ne kuma ke ba da launin, kuma ɗan mitsitsi ne ƙwarai a cikin dutsen. Abin da ya fi girgiza ni shi ne binciken da masanan GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, suka fitar a 2018: irin waɗannan duwatsu suna samuwa a zurfin da kan kai kilomita 660 ko fiye, nesa ƙwarai da inda galibin daimon ke fitowa, kuma ana ganin boron ɗin daga ƙasan teku ya nutse zuwa can. Shi ya sa ake daɗewa mahaƙa ba ta fitar da babba ko ɗaya ba. Amma Yaya mai tambaya, kada ka dogara da gwajin lantarki shi kaɗai. Wanda ake haɗawa a masana'anta ma ana zuba masa boron, wuta na ratsa shi.

Wadda ta ga Hope: Ni kallo kawai na yi wa shahararren shuɗin daimon nan mai suna Hope, a gidan tarihin Smithsonian da ke Washinton. Na bi layi ina tsammanin shuɗi kamar sararin sama, sai na tarar da launi mai duhu da ɗan toka-toka. Karat 45.52 ne, wato giram 9 da ɗoriya. Harry Winston ne ya ba da shi kyauta a 1958, kuma ta gidan waya ya aika shi. Na daɗe a tsaye har mai gadi ya roƙe mu mu matsa.

Mai bin gwanjo: Hajiya, wannan tokar da kika gani ita ce rabin maganar farashi. A 2022 na shiga baje kolin da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya yi kafin gwanjon Hong Kong, na ga daimon ɗin da ake kira shuɗin De Beers, mai karat 15.10. Babu toka ko kaɗan, shuɗi tsantsa. Takardar gwajinsa ta ba launinsa matakin Fancy Vivid, wato shuɗi mai ƙarfi sosai, wanda masu saye suka fi kokawa a kai. Mataki ɗaya ƙasa, farashin kowane karat ya zube sosai, ko da girman ɗaya ne. An haƙo shi a mahaƙar Cullinan ta Afirka ta Kudu a 2021 yana karat 39.34, aka sayi ɗanyen a kan dala miliyan 40 da 'yan kai, wajen yanka fiye da rabinsa ya tafi, sannan ya tashi a kan kusan dala miliyan 57.5. Duba irin kasadar da masu yankan suka ɗauka.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba. A shekarar da Oppenheimer ya yi wancan tashi, an kai zoben 'yar fim ɗin Amurka Shirley Temple mai shuɗin daimon karat 9.54 gwanjo a New York ana sa ran dala miliyan 25 zuwa 35, aka tashi ba a sayar ba. Dutse na asali, da suna, da tarihi. Ranar dai babu mutum biyu masu son sa har su yi ta ɗaga hannu.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na koma wurin dillalin na ce mu aika zoben ɗakin gwaje-gwaje, ni zan biya. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce shi ma haka aka sayar masa, an ce masa launin gyara ne. Baba, idan ina son sa don ado kawai, laifi ne in saya?

Tsohon maƙerin zinare: Babu laifi, ɗana, matuƙar kuɗin gyararre ka biya, kuma ya rubuta maka hakan a rasit. Idan wata rana aka kawo maka mai takarda, ka sa madubin ƙara girma a gefen dutsen, sau da yawa akwai lamba da aka zana da leza. Ka gwada ta da ta takardar, sannan ka nemi lambar a shafin cibiyar da ta bayar, ka karanta layin da ke faɗin asalin launi kafin ka taɓa aljihu.