Gwajin HPV da na ɗauka da hannuna, in yarda da shi?

Uwar Biyar, Garin Malam:
Salamu alaikum 'yan uwa, ku ba ni shawara don Allah, kwana uku ba barci. Shekaruna 38. Ƙanwar innata ta rasu bara da kansar bakin mahaifa. Ita ta goye ni a Mirya, ita ta kai ni ɗakin miji, ni kuma na yi jinyarta, wata biyu ina wankin zannuwan jini. Tun lokacin tsoro ya shige ni. Watan jiya mun je biki Kano, ƙawata ta ja ni wata likita ta kuɗi, aka ba ni tsinke mai auduga a kai, aka ce in shiga kewaye in sa a gabana in juya, in mayar kwalba. Rezilta ya zo, wai ba HPV, wato ƙwayar cutar da ke kawo kansar nan. Amma hannuna rawa yake ranar, na san ban kai can ciki ba. Abin da ido bai gani ba, ta yaya zan ce na ɗauko daidai?

Ta Zango:
Kin zubar da kuɗinki, yaya. Mai karatun shekara da shekaru ma yana kuskure, balle ke da tsinke a kewaye. Ko da yake ni ma na je a duba ni, tun hantsi har la'asar ina kan benci, ƙarshe aka ce in dawo Litinin. Ban koma ba.

Tsohuwar Sazfam:
Ta Zango, ki daina faɗin abin da ba ki sani ba. Ɗiyata, saurara. Tsinken nan ba sai ya taɓa bakin mahaifa ba. Ƙwayar cutar ake nema, ita kuwa tana sauka cikin ruwan gaba. In da na'urar PCR aka auna, wato mai ruɓanya alamar ƙwayar har a gano ta, wanda mace ta ɗauka da kanta yana kama cutar kusan daidai da na ma'aikaciya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da shi. Tsohuwar hanyar auna, wadda ba PCR ba, ita ce ke rage ƙarfi. Yawancin na'urorin kuma in ba ki ɗebo isasshe ba ba za su ce "babu" ba, cewa za su yi a sake. Kada ku haɗa shi da froti, gwajin da ma'aikaciya ke goge bakin mahaifa a kai a duba, wannan sai an sa ƙarfe an gani da ido. Ka'idar OMS ta 2021: a fara daga shekara 30, a maimaita bayan 5 zuwa 10. Mai ɗauke da ƙwayar sida daga 25, bayan 3 zuwa 5. Duba takardarki ko an rubuta PCR.

Amaryar Birni:
Mu ne kullum da gwaji, mazan da ke kawo mana abin fa? Nawa ya ƙara ta uku, ko tari bai auna ba.

Uwar Biyar:
Na gode Inna, PCR ɗin na rubuce. To ɗan jinin da nake gani bayan kwanciya da maigida ba komai ba ne kenan, Alhamdulillahi.

Tsohuwar Sazfam:
Wane jini? Tun yaushe? Shi ne kika ɓoye sai yanzu! Gwajin nan na matar da ba ta ganin komai ne. Mai jini bayan kwanciya dubawa take buƙata, ko rezilta ya ce me. Yana iya zama ƙaramin ciwo ne, amma ido ne zai faɗa. Gobe ki tafi matarniti.

Uwar Biyar:
Wata huɗu ne kawai, kuma ba kullum ba. Inna ke kika ce gwajin gaskiya ne. Ni dama don kar a buɗe ni na zaɓi tsinken, na ga yadda aka yi da marigayiya.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ki tafasa bagaruwa ki riƙa shiga, zafi ne.

Tsohuwar Sazfam:
Hajiya, da bagaruwar nan mata nawa suka zo mana a makare? Ɗiyata, mace za ki nema ta duba ki, minti biyar ne.

Uwar Biyar:
Maigida na Agadas, sai ya dawo mu yi magana. Ba na fita irin wannan ba da saninsa ba.

Amaryar Birni:
Yaya, jika nawa kika biya a Kanon?