Muhawara: tsintar aya nan da can a Littafi Mai Tsarki nazari ne, ko sai an ɗauki littafi guda an gama shi?

Ɗan Sabon Rai: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ina da magana, na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba amma bari in faɗa. Wannan karatun da muke yi, yau aya ɗaya a Zabura gobe biyu a Romawa jibi mu faɗa Ishaya, ni a wurina ba nazari ba ne, tsince-tsince ne kawai. In dai mutum bai ɗauki littafi guda ya bi shi daga sura ta 1 har ƙarshe ba to bai san abin da littafin yake faɗa ba ko da ya haddace ayoyinsa da yawa. Shawarata a nazarinmu na mako-mako a ajiye bin jigo, a koma littafi bayan littafi.

Mama Zumunta: Kai ɗana ka shigo da zafi. Wato mu da muka tsufa muna karanta ɗan littafin ibada da safe kafin mu fita kasuwa ba mu san Maganar Allah ba kenan? Ai ko tuwo loma-loma ake ci, ba a haɗiye malmala. Aya ɗaya takan riƙe ni yini guda, in ina cikin damuwa ita nake tunawa ba sura goma sha shida ba.

Ɗan Sabon Rai: Mama ban ce ba ku san Allah ba, ku yi haƙuri. Amma bari in yi tambaya ɗaya. Wannan ayar da ake ɗaga murya da ita a addu'ar dare, za ka ƙudurta abu ya tabbata gare ka, Ayuba 22:28, wa ya faɗe ta?

'Yar Kwaya: Ba Allah ba ne ya faɗa wa Ayuba?

Ɗan Sabon Rai: Yauwa kin ga inda matsalar take. Elifaz ne ya faɗa, ɗaya daga cikin abokan Ayuba uku. Kuma a cikin surar nan dai, ki koma aya 5 zuwa 9, yana ɗora wa Ayuba laifin da bai yi ba, wai muguntarsa ta yi yawa, wai ya hana mai ƙishi ruwa ya hana mai yunwa abinci ya kori gwauraye hannu wofi, bayan tun sura ta 1 an gaya mana Ayuba mutum ne marar aibu mai tsoron Allah. Sai ki je sura 42 aya 7, Allah da kansa ya ce wa Elifaz ya yi fushi da shi da abokansa biyu don ba su faɗi gaskiya game da shi ba yadda bawansa Ayuba ya yi, har sai da suka kawo bijimai bakwai da raguna bakwai Ayuba ya yi musu addu'a. To mu kuma mun ɗauki maganar mutumin da Allah ya tsawata wa muna cewa in ji Ubangiji. Haka ma waccan da ake rubutawa a katin bikin yaye ɗalibai, ko da farkonka ƙanƙane ne ƙarshenka zai yi girma, Ayuba 8:7, Bildad, wani daga cikin abokan, shi ne mai maganar, kuma ayoyi kaɗan kafin nan ya gama gaya wa mutumin da ya rasa 'ya'ya goma cewa watakila zunubinsu ne ya ci su. Wanda ya karanta Ayuba daga farko ba zai taɓa ruɗewa a nan ba.

'Yar Kwaya: Ikon Allah. Ni fa har waƙa mun taɓa yi da ita.

Ɗalibin Tauhidi: Ɗan'uwa misalinka yana da kyau amma kada ka yi saurin rufe fayil. Buɗe 1 Korantiyawa 3:19. Bulus ya ce a rubuce yake, Allah yakan kama masu hikima cikin makircinsu. Daga ina ya ɗauko? Ayuba 5:13, bakin wannan Elifaz ɗin dai. Kuma maganar Bildad ai ta cika, sura 42:12 ta ce Ubangiji ya albarkaci ƙarshen Ayuba fiye da farkonsa. Don haka ba duk abin da abokan suka faɗa ne ƙarya ba, sun faɗi gaskiya da yawa sai dai sun ɗora ta a kan mutumin da ba ta shafa ba.

Ɗan Sabon Rai: To Malam ai ka taimake ni ne. Ta yaya za ka raba wadda take gaskiya da wadda aka ɗora a inda bai dace ba in ba ka bi gardamar gaba ɗaya ba? Bulus ya san littafin kafin ya ciro layi ɗaya.

Malamin Lahadi: Ni inda na tsaya da kai shi ne kalmar nan taka ta ba nazari ba ne, ta yi nauyi. Yesu a majami'ar Nazarat, Luka 4, aka miƙa masa littafin Ishaya, bai fara daga farko ba, ya nemo wuri guda ya karanta 'yan layuka daga abin da muke kira sura 61 ya naɗe ya zauna. Bitrus ranar Fentikos ya ɗauko Yowel ya haɗa da Zabura 16 da 110. Romawa 3:10-18 kuwa jerin ayoyi ne daga Zabura daban-daban da Ishaya aka saƙa wuri ɗaya. In haɗa ayoyi a kan jigo laifi ne to manzanni ne suka fara. Kuma akwai abin da ba za ka iya koyarwa da littafi ɗaya ba, misali 'yan ajin baftisma sun tambaye ka Triniti, wato Allah ɗaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko ma'anar jibin Ubangiji, dole ka zaga.

Ɗalibin Tauhidi: Gaskiya ne Malam amma a tuna mutanen da suke saurarensu sun taso ana karanta musu Attaura a jere kowace Asabar, Ayyukan Manzanni 15:21 ma ta ambaci haka, in an ciro layi ɗaya sauran yana kansu. Kuma su ba su da lambobin sura da aya da muke da su. Rabon surori da muke bi aikin ƙarni na 13 ne, ana danganta shi ga Stephen Langton wanda ya zama babban bishop na Kantabiri a Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ɗan Faransa ne Robert Estienne ya sa su a 1551. Shi ya sa a Markus 12:26 da Yesu zai nuna wa Sadukiyawa wuri sai ya ce ba ku karanta a littafin Musa ba, wajen zancen kurmin nan mai cin wuta. Lambobin suna da amfani sosai wajen nemo wuri, amma sun sa muna ganin kowace aya kamar ita kaɗai aka saukar.

Mama Zumunta: Duk na ji turancinku. Ni tambayata, wa zai iya? Sau nawa mata suke ɗaukar alkawari a Janairu za su karanta daga Farawa, Farawa ta tafi lafiya, Fitowa ta tafi har rabi, da an shiga awon alfarwa da hadayun Littafin Firistoci sai Baibul ya koma cikin jaka sai ranar Lahadi. Gara kaɗan ɗin da ake yi kullum da mai yawan da za a bari a Fabrairu.

Ɗan Sabon Rai: Mama littafi-littafi ba ya nufin dole daga Farawa a jere fa. Littattafai 66 ne, a zaɓi ɗaya. Filimon aya 25 ce duka-duka, Rut sura 4, Yunana sura 4, Afisawa sura 6. Markus sura 16 ne kuma lokacin da samarinmu suke zama a gidan kallon ƙwallo ya ishe su gama shi.

Mai Bishara: Bari in sa baki daga ƙauye, network ne ya hana ni tun ɗazu. Mama kin ce wa zai iya, wasu kuma sukan ce ai mutanenmu da yawa ba su iya karatu ba sai a ba su aya ɗaya su riƙe. Ni abin da nake gani a wurin aiki akasin haka ne. Wanda bai iya karatu ba aya guda ce take ba shi wahala don ba ta da kai ba ta da ƙafa, amma ka sa musu labarin Yusufu a waya daga Farawa 37 har 50, akwai na sauti da Hausa ana sawa a memori, za su zauna shiru har a gama, washegari a gona su ba ka labarin tiryan-tiryan har su yi ta gardama ko Yusufu ya kyauta da ya wahalar da 'yan'uwansa kafin ya bayyana kansa. Kuma ai da kunne ikkilisiyar farko ta karɓi waɗannan littattafai, Kolosiyawa 4:16 Bulus ya ce in an karanta wasiƙar a wurinku a kai a karanta a ikkilisiyar Lawudikiya, wasiƙa ce sukutum ake tsayawa a karanta wa jama'a, ba wanda ya ce yau aya uku sauran sai mako mai zuwa.

Ɗan Katolika: Ni baƙo ne a nan amma ku ba ni dama. Mu a wurinmu an ɗan haɗa biyun. Karatun Lahadi zagayen shekara uku ne, shekara ɗaya Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, Yohanna kuma yana shigowa musamman lokacin azumi da Ista, ana bin bisharar kusan a jere sai a zaɓo karatun Tsohon Alkawari da ya dace da ita. Fada ba ya zaɓar abin da ransa yake so, abin da ya zo ranar shi zai yi wa'azi a kai.

Ɗan Sabon Rai: Wannan na ƙarshen ya yi mini, sai dai kusan a jere ka ce, ana tsallake wurare, kuma wuraren da ake tsallakewa su ne nake so mu gani.

Baba Dattijo: Na yi shiru ina karanta ku. Yarana ku bar ni in faɗi abin da ya fi damuna, ba karatun gida ba ne, wa'azin da ake yi a kan bagade ne. Na daɗe a kujerar dattawa, na ji wa'azi daga Malakai 3:10 har ban san iyaka ba, ku kawo dukan zakka cikin ma'aji, kuma daidai ne a kawo. Amma littafin nan sura 4 ne kacal, me ya hana a fara daga farko? Don sura ta 1 da ta 2 firistoci ake yi wa faɗa, su ne suke miƙa makauniyar dabba da gurguwa a bagade, su ne suka sa mutane tuntuɓe da koyarwarsu. A sura ta 2 kuma Allah ya ce shi ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa da ya ci amanarta. A 3:5, ayoyi biyar kacal kafin ta zakka, ya ce zai yi shari'a da masu danne hakkin ma'aikaci da masu zaluntar gwauruwa da maraya. Waɗannan ba a cika jin su ba don mai wa'azi shi yake zaɓa, kuma ɗan adam ba ya zaɓar bulalar da za ta taɓa shi. In an ce littafi guda za a bi, ranar da aka iso wurin ba mafaka, dole a karanta ko mai ba da baiko mafi tsoka yana zaune a gaba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin su Likita Miller ɗan mishan, ba rashin littafin ba ne ya sa ba mu san waɗannan surori ba.

Ɗalibin Tauhidi: Baba abin da Zwingli, ɗaya daga cikin masu gyaran ikkilisiya, ya yi kenan a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ranar 1 ga Janairu 1519 ya ajiye zaɓaɓɓun karatu ya fara Matiyu daga farko yana bi a jere. Kalbin ma, wani mai gyaran ikkilisiya, da aka kore shi daga birnin Janiba a 1538 ya dawo a 1541, sai ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Malamin Lahadi: Baba ba na ja da ku a kan Malakai. Amma ko bin littafin ma mai son kaucewa zai kauce, ya yi mako uku a ayar da yake so ya haɗa sura biyu masu zafi ya wuce su a minti goma. Sannan ga wata matsalar, ana cikin Littafin Ƙidaya sai a yi rasuwa a ikkilisiya ko a kai hari ƙauyen su wani, za ka ce wa mutane yau ƙidayar kabilar Yahuza ce a jadawali? Kuma surori 150 na Zabura waƙoƙi ne da addu'o'i kowace da kanta, ba wanda zai ce sai ka karanta ta 22 kafin ta 23 ta yi maka amfani. Ɗan'uwa ya yi doka ɗaya ya ɗora wa littattafai 66 da ba iri ɗaya ba ne.

Ɗan Sabon Rai: Ranar makoki a yi ta'aziyya Malam, ba wanda ya hana. Ni ina maganar sauran makonnin ne. Kuma ko ayar ta'aziyyar, Irmiya 29:11 da kowa yake so, na san shirin da nake da shi dominku, wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta Babila, aya 10 ta ce sai shekara 70 ta cika, kafin nan an ce musu su gina gidaje su yi gonaki su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi. Wanda aka raba da garinsa yana zaune a sansanin gudun hijira, cikakkiyar wasiƙar ta fi yi masa magana a kan aya ɗayan da muke liƙawa a bayan mota.

Mama Zumunta: To ni dai ba zan ajiye ɗan littafina na safe ba, ku sani. Amma in za a yi na mako-mako a gwada da Rut, mata za su zo.

Ɗan Sabon Rai: Mama Markus dai.

Baba Dattijo: Malakai. Kuma a gayyaci fasto.

'Yar Kwaya: Ko wanne aka zaɓa don Allah kada a sa ranar Alhamis, muna da koyon waƙa ƙarfe huɗu.