Abin da muka tattaro a zaman matan unguwa kan kujerar kansila

To 'yan uwa ga shawarwarin da suka fito. Kaduna ƙananan hukumomi 23 ne, gundumomi 255, amma mata nawa ne kansiloli? Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara daga gunduma, ki yanki katin jam'iyya ki dinga zuwa mitin, don a nan ake raba komai tun kafin zaɓen fidda gwani, kuma mu matsa a dena sa mitin ƙarfe goman dare, wace matar aure ce za ta fita lokacin fisabilillahi? Kuɗin fom kuma a yi adashe a tsaida mace ɗaya. Wata Hajiya ta ce a fara shawo kan maigida da mai unguwa, ni ma na yarda da ita wallahi. Tunda Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamna a 2019, kansila ba zai gagare mu ba.