Waɗanda suka taɓa fara majami'ar matasa a Kaduna, yaya kuka yi?

Ɗan Narayi: Salama 'yan'uwa. Mu goma sha ɗaya ne muke taruwa a falon yayata duk Alhamis, yawancinmu mun gama jami'ar KASU ko Poly muna zaman jiran aiki. Falon ya fara yi mana kaɗan, wasu na cewa mu kama shago mu kafa allo kawai. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Maman Tagwaye, Sabon Tasha: Ƙanena, kada ku yi irin tamu. Kuɗin farko da muka tara, sifika da janareto muka saya, wai kiɗa ne zai jawo matasa. Sun zo kuwa, sati uku. Aji muka kama haya a wata makarantar kuɗi, kujerun 'yan firamare, gwiwarka na taɓa haɓarka. Maƙwabta suka kai ƙara saboda ƙarar kiɗa, mai makaranta ya karɓe makullinsa. Waɗanda suka rage tare da mu su ne waɗanda muka riƙa bi gida-gida muna gaishe su. Sifikar tana ƙarƙashin gadona har yau.

Dattijo daga Kakuri: Ɗana, wa zai yi muku baftisma, wa zai ɗaura muku aure? Shekarunku shekarun aure ne, kuma iyayen yarinya sai sun tambayi wace ikilisiya kake. Mu a ECWA da gidan addu'a ake farawa, ƙarƙashin uwar ikilisiya, sai ya yi ƙarfi DCC, wato majalisar ikilisiyoyin gunduma, ta amince ya tsaya da ƙafafunsa. In kuma gashin kanku za ku ci, akwai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu, da sanarwa a jarida. Ranar da za ku ɗora bulo kuma KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, na jiranku. Abu ɗaya nake roƙonku: baiko mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta a gaban jama'a. Na ga zumunta ta watse a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba.

'Yar kwayar coci, unguwar Television: Baba, da girmamawa, ƙarƙashin uwar ikilisiyar ne muka gaji. Shekara huɗu aikinmu jera kujeru da waƙar baiko. Da aka ba mu sujadar yamma, mu yi wa'azi mu riƙe asusu, wurin ya cika. Harshe ne ya fi ba mu wuya. Akwai Bajju, Atyap, Gbagyi, Adara, ga 'yan Ibo da aka haifa a Barnawa. Wa'azi da Turanci muka tsayar, amma da an ɗauko waƙar Hausa irin ta zumuntar mata, har masu cewa ba sa ji sai ka ga sun miƙe.

Malamin Gonin Gora: Kada ku jingina da 'yan bautar ƙasa. Mai buga mana fiyano da sakatare rana ɗaya suka karɓi takardarsu suka tafi. Ku kuma duba kuɗin keke. Mai jiran aiki ba zai hau biyu don ya zo sujada ba.

Ɗan Narayi: Na gode. Baba, in muka je wurin dattawanmu, fasto za mu fara gani ko shugaban matasa?

Dattijo daga Kakuri: Fasto. Ku je ku uku, har da mace, kuma ba ranar Lahadi ba.